Masa Ce Ta Fitar Da Su Kunya

Duk mai niyyar kai yara wannan zauren cin abinci na Abuja da ake ta zuzutawa, shawarata ɗaya ce: ya riƙe tsabar kuɗi a jaka. Kada ya ce ai yana da kati, ai yana da manhajar banki a waya. Ni ma haka na ce.

A hutun Babbar Sallah muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa muka sauka Kubwa, ni da yara. Ƙanwata da ke aure a can ta daɗe tana cika min kunne da labarin wurin, don haka washegari ta ajiye mu a ƙofa ta wuce gaishe da surukanta, a kan za ta dawo ta ɗauke mu da yamma. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Tsarinsa dai irin wanda kuka sani ne: shaguna a ƙasa, a sama kuma rumfunan abinci sun yi da'ira, tebura a tsakiya, kowa ya sayo abin da ransa ke so a zauna tare. Gefe guda sinima, gefe guda ɗakin wasan yara mai ƙarar da har cikin haƙori ake jin ta. Ni ba baƙuwar irin wannan ba ce, na san Ado Bayero Mall na titin gidan zoo a Kano tun da aka buɗe shi a 2014, lokacin da rabin masu shiga hoto kawai ya kai su. Saboda haka ba ƙauyanci ne ya ja min abin da ya same ni ba.

Yara suka ce piza, babban kuma ya ce kaza da soyayyen dankali. Na bi layi. Da aka miƙo min takardar lissafi na ga harajin VAT na kashi 7.5, wannan kowa ya san da shi, ban yi magana ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani kuɗin hidima. Hidimar me? Ni na tsaya a layi, ni zan ɗauki tire, ni zan nemo kujera. Na haɗiye, Sallah ce. Na miƙa kati, yarinyar ta zura a POS, na danna lambobina, na'urar ta yi ta juyi sannan ta tofo takarda wai bai yi ba. Kafin in buɗe baki wayata ta yi ƙara, banki ya cire kuɗin cif.

Na nuna mata saƙon. Ko kallon kirki ba ta yi masa ba ta ce, "Hajiya, a wurinmu bai shigo ba. Ki sake gwadawa." In sake da me? Abin da ya rage a asusun ba zai ɗauki wannan lissafin karo na biyu ba, kuma ko zai ɗauka, wa ya ce ba za a sake cirewa ba? Na ce a kira babbansu. Ya zo da hular masu girki a kai, ya karɓi wayata, ya karanta, ya miƙo min, ya ce in je bankina. Ranar hutun Sallah, wane banki ne a buɗe? Ya ce ai za su dawo da shi. Na sani. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce matsalar POS a warware ta cikin awa 72. To yaran su jira awa 72 ɗin ke nan?

Abin da ya fi ƙona min rai, abincin an riga an gama shi. Ga kwalin piza nan a kan kanta, ɗan autana har ya ɗora hannu yana jin ɗuminsa, yarinyar ta janye kwalin ta mayar bayanta ba tare da ta ce uffan ba, ta ɗaga murya ta kira na bayana. Layi ya yi tsawo, wani yana tsaki, wata tana leƙen fuskata. Na kira ƙanwata, waya na ta ringin ba a ɗauka. Yaron ya fashe da kuka irin na yunwa da kunya a haɗe. Wallahi da akwai kuɗin mota a hannuna da ko minti ɗaya ban ƙara ba.

Muna tsaye a gefe na ji an ce, "'Yar nan, kawo su nan."

Can lungun ƙarshe ne, kusa da inda ake ajiye tirori, wata 'yar rumfa da ban ma lura da ita ba. Dattijuwa ce zaune a kan doguwar kujera, gabanta tanda a kan murhun gas. Na ce, "Baaba, ai ba kuɗi a hannuna, banki ne ya..." Ta katse ni. "Na ga komai. Yara ba su san netiwok ba. Zaunar da su."

Na tsaya ina kallon hannunta. Ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta kamfato ƙullu da ƙaramin ludayi ta zuba, ba ta cika ba, ba ta rage ba. Sai da gefen ya fara ja ya ɗan ɗago da kansa sannan ta sa bakin cokali ta juya, ɗaya bayan ɗaya, ko duba tandar ba ta yi, hira take da yarana tana tambayar sunayensu. Masar ta fito bayanta ƙamas, cikinta fari tas mai ƙofofi, da ɗan tsamin nan na ƙullun da ya kwana da kansa, ba wanda aka cika wa yis don sauri ba. Miyar taushe ce a kai, kabewar ta narke, gyaɗar ta ji, ga tantaƙwashi. Wa ɗan auta kuma ta barbaɗa masa sukari a tasa. Da na tambaye ta ta ce 'yar Bauchi ce, na ce biri ya yi kama da mutum. Ni da na taso ina cin masa a Tudun Wada ban ci wadda ta kai wannan ba. Yaran da suka yi ta rigimar piza tun daga gida, sai da aka ƙara musu. Ta haɗa mana da kunun aya mai sanyi, ta rubuta min lambar asusu a bayan wata takarda ta ce, "In ya dawo kya turo. In bai dawo ba, na ciyar da jikokina."

A lokacin nan na yafe wa wurin komai. Har na fara ganin kyansa: sanyin na'ura, tsabtar tebura, yadda iyalai ke zaune hankali kwance, babu ƙuda, babu mai tsaya maka a ka. Na ce a raina ƙanwata tana da gaskiya.

Sai lokacin la'asar ya yi. Na tambayi masallaci aka nuna min ƙasa, na sauka, aka ce in ƙara sauka. A wurin ajiye motoci na same shi, wani ɗan ɗaki, ɓangaren mata labule ne kawai aka ja, wurin alwala ruwa ya kwanta sai da na tattare zani. Gini mai hawa-hawa da ya samar wa injin wasa fili fal, a garin da ranar Sallah rabin masu cika shi masu salla ne! Ina hawowa zafin kwalin nan da aka janye ya dawo min sabo.

Ƙanwata ta iso tana ta ba da haƙuri, wai wayar na cikin jaka. Don ta wanke laifinta ta ja yaran ɗakin wasa. Can ma ba a karɓar kuɗi a injin, sai ka sayi katinsu, ka loda masa kuɗi, kana gogawa yana raguwa. Motar tsere ɗaya sitiyarinta ya saki, injin jefa ƙwallo ya cinye kuɗi bai saki ƙwallo ba, yaron da ke kula da wurin ya ce shi ba ya iya mayarwa, sai mai gyara ya zo. Kuma an tsara farashin ta yadda dole a bar 'yan canji a katin, ba su isa wasa ɗaya ba, ba a kuma ba ka abinka. Shagunan ƙasa ban tsaya ba, atamfar da na ɗaga na ga farashinta na ajiye, Kasuwar Wuse na nan.

Kuɗina ya dawo, amma awa 72 ta wuce ta sake wucewa kafin nan, sai da na koma Kaduna na je reshen bankin da ƙafata na cike takarda. Ranar na tura wa Baaba nata. Gaskiya da na ga lissafin masar sai da na ɗaga gira, don a unguwarmu wannan kuɗin zai ciyar da gida guda karin kumallo. Amma na tuna abin da ta faɗa min muna hira, cewa kuɗin hayar rumfar da na gas da na wutar janareta da ake raba musu, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba su daina hawa ba. Na ƙara mata wani abu a kai, ban ji ciwo ba. Na masu piza ne har yanzu nake jin ciwonsa, alhali ko sisi ba su ci nawa ba.

Katin wasan kuwa na bar wa ƙanwata don 'ya'yanta su ƙarasa abin da ke ciki. Kwanan baya ta bugo min tana dariya, wai ta kai shi sun ce ya daina aiki, sai ta sayi sabo.