Wane takalmi za ka saya kafin ka nufi kwazazzabon ruwa?

Ƙafar mutumin Maraɗi yashi ta sani. Daga Tibiri har Madarunfa ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, Gulbi ya kawo ruwa da damina, rani na yi ya ƙafe ya bar rairayi. Shi ya sa duk wanda ya ɗaura niyyar zuwa ganin inda ruwa ke zubowa daga kan dutse cikin kwazazzabo, ko Farin Ruwa da ke ƙaramar hukumar Wamba a jihar Nasarawa, mai tsayin kusan mita 150, ko na Timiya can cikin duwatsun Ayar arewa da Agadas, zai taka abin da bai saba da shi ba: jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka. Mota tana da inda za ta tsaya, sauran tafiyar a ƙasa za a ƙarasa ta. Samarinmu kan kashe kuɗi wajen tabarau da batirin cajin waya, su zura duk takalmin da ke bakin ƙofa. Ni a ganina kuɗin tafiyar nan, ƙasan takalmi ya kamata su fara zuwa.

Silifa dai a bar ta a gida. Takalmin fata irin namu mai faɗi, wanda ya dace da yashi mai zafi, shi ma ba nasa wurin ba ne, domin fata in ta jiƙa sulɓi take yi, ta kuma saki.

Takalmin roba na makiyaya ya cancanci a tsaya a kansa, don mutanen da ke sa shi sun fi kowa tafiyar daji. Yana da araha, ruwa ba ya zama a cikinsa, ka fito daga rafi kafin ka yi nisa ya bushe. Aibinsa biyu ne. Robarsa mai tauri ce, ba ta kama dutse mai santsi, sannan in yashi ya shiga tsakaninsa da jiƙaƙƙiyar fata, kafin azahar ƙafa ta yi ruwa. Wanda ya saba da shi tun yana yaro zai iya, ɗan birni kuwa sai da safa mai kauri.

Kambas da takalman motsa jiki su ne suka cika kasuwa, kuma su ne suka fi ruɗin mai saye. Juya ƙasan ka duba. Da yawa soso ne zalla aka zana masa layuka, babu roba ko kaɗan. Irin wannan yana da daɗi a kan kwalta, amma a kan jiƙaƙƙen dutse kamar ka taka ɓawon mangwaro ne. In ka samu wanda aka manna wa baƙar roba ta gaske mai haƙora a ƙasa, to wannan zai yi, musamman inda hanya ba ciyawa, ga shi ba nauyi.

Akwai kuma sandal mai maɗauri, wanda ke kama dunduniya da idon sawu. Wajen ƙetare rafi babu kamarsa. Sai dai yatsu a waje suke, dutse na jiran su, ƙaya ma haka. Babban abin kuma shi ne maciji. Kububuwa tana nan a ƙasashen ciyawa da duwatsu na tsakiyar Najeriya, kuma mafi yawan saran da take yi a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa. Wanda zai ratsa gonaki da ciyawa kafin ya isa bakin ruwa, kada ya dogara da sandal kaɗai.

Wannan ya kawo mu ga but, inda mafi yawan kuɗi ke tafiya, inda kuma aka fi yin asara. But irin na soja yana rufe ƙafa sosai, amma yana da nauyi, in ya sha ruwa kuwa sai ya kwana bai bushe ba. Wanda aka yi musamman domin hawan dutse ya fi shi sauƙi, kuma wajen 'yan gwanjo ake dacewa da shi, cikin dilar takalman Turai. Wasu za ka ga ɗan tambari rawaya a ƙasansu an rubuta Vibram. Kamfanin Italiya ne, wani mai hawan duwatsu, Vitale Bramani, ya fito da irin wannan ƙasan roba a 1937, bayan abokan tafiyarsa shida sun rasu a kan dutse a 1935, aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalmansu. Tambarin alama ce mai kyau, amma kada ya rufe maka ido, don ana yin jabunsa, kuma ko na gaske ne shekaru suna cin sa.

Ga inda gwanjo ke cutar mutane. Tsakanin robar ƙasa da jikin takalmin akwai wani soso mai ɗaukar nauyi. A yawancin but na fata, irin soson nan yana ruɓewa da kansa in ya daɗe a ajiye, danshi da zafi suna ƙara masa sauri. Sai ka ga takalmi fes kamar ba a taɓa sawa ba, alhali cikinsa ya mutu. A tafiyar farko ƙasan ya ɓalle ya bar ka a tsakiyar daji. Wanda ya ɗan ga hanya sau da yawa ya fi wanda ya shekara goma a kwali lafiya. Saboda haka ka ce wa mai kaya, “Alhaji, a yi mini izini in lanƙwasa shi.” Mai kayan kirki ba zai hana ba. Lanƙwasa, murɗa, danna soson da farce. In ya tsage, ko yana zubar da gari, ko yana danƙo a hannu, mayar masa ko da kyauta zai ba ka. Robar ƙasan kuma farce ya ɗan shiga ta dawo; wadda ta ƙeƙashe ta gama aiki. In da hali, zuba ruwan leda a kan siminti mai sulɓi ka taka ka tura ƙafa, nan take za ka ji bambanci.

Wasu but ɗin an rubuta musu Gore-Tex, mai kaya zai ce maka ruwa ba ya shiga. Gaskiya ne ga raɓa da yayyafi. Amma a kwazazzabo ruwa ta sama yake shiga, kuma abin da ya hana shi shiga shi zai hana shi fita. Ga zafinmu kuma. Ban ga dalilin ƙara kuɗi a kansa ba.

Gwaji da la'asar ake yi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiyar da ita. Tura ƙafa gaba, yatsa ɗaya ya shiga bayan dunduniya. Wanda ya yi cif-cif a kasuwa, a gangara zai kashe maka farce.

In ka tambaye ni, mai hali ya ɗauki biyu: but mai rufe idon sawu domin hanya, sandal mai maɗauri a jaka domin ruwa. Mai kuɗin guda, in Farin Ruwa ya nufa, but. In Timiya ce, inda tafiyar ta fi yawa a kan tsakuwa da busasshen dutse, kambas mai ƙasan roba ya isa.

Ruwan sha ba sai an tsawaita ba. Jarka ƙarama da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, yadda direbobinmu ke yi, ta fi kwalba mai tsada sanyaya ruwa. Ruwan rafi ko ya yi garau a sa masa ƙwayar tsaftace ruwa ta Aquatabs a jira minti 30, ko a tafasa. A kuma guji daɗewa cikin ruwan da ke kwance kusa da ƙauyuka, saboda tsargiya.

Abin da babu takalmin da ke maganinsa shi ne ambaliya. Sama na iya zama tas a kanka, ruwa ya sauka can nesa kan tudu, korama ta cika cikin ɗan lokaci, kwazazzabo kuwa ba shi da wurin gudu. Watan Nuwamba ya fi, damina ta ɗauke, hanya ta fara bushewa. A fara gaida mai gari, a ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen a biya shi haƙƙinsa, a kuma tambayi halin tsaron hanya kafin a bar Maraɗi, ba bayan an hau mota ba.

Da ka saya, kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye ƙasan da ɗinki, kada ka dogara da gam. Sannan ka yi mako biyu kana yawo da shi cikin gari, da safe da yamma. Duk inda zai ci maka ƙafa zai nuna tun a nan, a sassauta shi ko a canza.