Sabulun ruwa na wanke-wanke ya burge ni, amma buteli na biyu ya ɓata min rai

Ƴan uwa matan Damagaram, duk wadda ke sayen ruwa a hannun ƴan garuwa ta san ruwa ne ke cin kuɗin wanke-wanke, sabulu kaɗan ne a ciki. Ni da omo na tashi, a tsaga leda a kaɗa a roba har kumfa ya taso. Ranar sunan ɗan ƙanwata a Birni ne wata maƙwabciya ta shigo da sabulun ruwa, kore, mai ƙanshin lemun tsami. Kwanoni sun taru tuli, kitsen ragon suna ya daskare fari fat a tasoshi. Ta ɗiga kaɗan a soso ta miƙo min ta ce, "Yaya, gwada wannan."

Wallahi na yi mamaki. Maiƙon ya saki nan take, ɗauraya ɗaya kuma ta isa, na goga yatsa a tasa na ji babu santsi ko kaɗan. Da omo ne sai na ɗauraye na sake ɗaurayewa, kuma duk da haka robar fura kan riƙe ƙanshin turarensa har a ji a baki. Ai don tufafi aka yi shi, akwai soda a ciki, shi ya sa yake busar da hannu. Da hunturu gefen yatsuna har tsagewa yake yi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da pampo kan kwana bai kawo ba, abin da zai rage min ko rabin bido na ɗauke shi da daraja. Washegari na shiga Kasuwar Dole na sayi nawa mai hatimi, ya yi aiki yadda na gani.

Da ya ƙare sai wani mai butik ya nuna min wanda ake ɗurawa a butelin ruwa, babu suna babu takarda, rabin kuɗi, ya rantse duk ɗaya ne. Ga kauri har da ƙyar yake zuba. Na kai gida, kumfa ya cika roba, amma tukunyar miyar kuka ta fito da maiƙonta kamar ban taɓa ta ba. Na ƙara, na ƙara, ruwan da nake tattali ya tafi wajen kore kumfa. Wata mai haɗa shi a gida ce ta faɗa min gishiri ake zubawa ya yi kauri, don haka kauri ba ya nuna ƙarfi. Har yau in na wuce butik ɗin raina sosuwa yake.

Ko mai kyan ma yana da nasa. In yara ne ke wanke-wanke, matsa buteli suke yi son ransu, kafin ki ankara ya kai rabi. Yanzu ni nake tsiyaya musu kaɗan a kofi in sirka da ruwa. Baƙin gindin tukunyar da ta sha itace kuwa, sabulun ruwa ba ya ko motsa shi, sai toka da soson ƙarfe da ɗan omo.

Kofuna, cokula da robobin abinci na bar wa na ruwa, tukwane na omo ne. In za ki saya, ki duba hatimin murfi tun a gaban mai kaya.