Malalar mai a tekun ƙanƙara: wane kayan aiki ya cancanci kuɗinku?

Kafin hukumar tashar jiragen ruwa ko kamfanin mai su sa hannu a takardar ciniki, su fara duba yawan ƙanƙarar da ke rufe ruwansu. In ba ta kai kashi 30 cikin ɗari ba, mai na yawo kamar a buɗaɗɗen teku. In ta haura 70, ita ke riƙe shi. Tsakanin nan ne aiki ya fi ba da wuya.

Shingen roba mai yawo kan ruwa da injin zuƙa su ne kowa ya sani, amma ɓaraguzan ƙanƙara na yaga shingen, su toshe bakin injin. A nan injin buroshi ya yi fice: gashinsa na juyawa tsakanin ƙanƙara, man ya manne masa, a kankare shi cikin tanki. Finland ta daɗe a wannan hanya, har jirginta mai fasa ƙanƙara, Polaris, da ya fara aiki a 2016, an ƙera shi da kayan kwasar mai. Kada adadin da dillali ya ce injin na kwashewa a awa ya ruɗe ku. Ku tambaye shi ko famfo, tiyo da tanki na da abin ɗumama su, domin mai mai kauri in ya sha sanyi ba ya gudana.

Ƙona man a inda yake ya fi sauri, kuma kayansa ba su da yawa. Gwaje-gwajen cibiyar bincike ta SINTEF ta Norway a Tekun Barents, da ke arewa da ƙasar, a 2008 da 2009 sun nuna yana aiki. Sai dai dole kaurin man ya kai milimita 2 zuwa 3, kuma ya kasance bai cuɗe da ruwa ba. Akwai baƙin hayaƙi, akwai neman izini.

Sinadarin tarwatsa mai shi na sa a ƙarshe. Sai ruwa na motsi yake aiki, ƙanƙara kuwa na kwantar da igiyar ruwa, dole jirgi ya dama da farfelarsa. Ƙasashen Tekun Baltic da ke arewacin Turai ma sun taƙaita amfani da shi.

Ni dai shawarata, a fara da injin buroshi mai ɗumi, a ƙara kayan ƙonawa inda doka ta yarda, a ware kuɗin horar da ma'aikatan da za su riƙe su cikin duhun hunturu.