Yini guda a Eyam, ƙauyen da ya kulle kansa saboda annoba

Tun zuwana karatu Sheffield nake jin labarin Eyam, wanda mutanen wurin ke kira "Im", sai ranar Asabar ɗin da ta wuce Allah ya nufa na hau bas na je. Ƙauye ne a yankin Derbyshire na Ingila, mai mutane kusan 1,000.

Duk mai niyyar zuwa, ya fara da gidan tarihin ƙauyen kafin ya shiga yawo. Ɗan ƙarami ne, da siffar ɓera a saman rufinsa tana juyawa da iska, kuɗin shiga kuma bai taka kara ya karya ba. Awa ɗaya ta ishe ni, amma ba don ita ba da duwatsu kawai zan yi ta kallo a waje.

A nan na ga yadda abin ya faro. A 1665 aka kawo wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga Landan, ashe akwai ƙuma mai ɗauke da cutar annobar da Turawa ke kira "plague" a ciki. George Viccars, mai taimaka wa telan, shi ya fara rasuwa a watan Satumba. Da abin ya tsananta a 1666, limamin cocin, William Mompesson, da wanda ya riga shi, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a cewa ba shiga ba fita, don kada a kai wa maƙwabta. Mutum kusan 260 suka mutu, har da matar Mompesson, Catherine. Ina karantawa hadisin nan ya faɗo mini a rai, wanda ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita. Mun sha jin sa a karatu, amma ban taɓa tsayawa a garin da aka biya irin wannan farashi ba.

Daga nan na taka zuwa dutsen iyaka da ke kan hanyar Stoney Middleton, wani ƙauye da ke maƙwabtaka da su. Ramuka ne aka huda a jikinsa, a lokacin ana zuba ruwan khal (vinegar) a jefa kuɗi a ciki da nufin kashe cutar, masu kawo abinci su ajiye kaya su ɗauki kuɗin ba tare da an haɗu ba. Na sa yatsa a rami ɗaya, ruwan sama ya cika shi, wani ma ya bar kwabo.

Inda ya fi taɓa ni shi ne kaburburan Riley, can cikin fili a bayan gari, an zagaye su da gajeriyar katangar dutse. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas a watan Agusta na 1666, ita kaɗai. Ba mai gadi, ba mai bayani, sai iska. Na daɗe a tsaye.

Abin da ya burge ni kuma, ƙauyen a raye yake. Gidajen da annobar ta fara shiga har yau da mutane a ciki: ga allo ɗauke da sunayen mamata a bakin ƙofa, ga furanni da wani ke ba ruwa kullum. Saboda haka a kama kai wajen ɗaukar hoto, gidan mutane ne. Akwai makarantar firamare, da wuraren shan shayi, da 'yan shagunan sana'ar hannu a harabar Eyam Hall, wani tsohon babban gida a ƙauyen. Shayi da burodi mai cuku na ci, salla kuwa a gefen wani fili na yi, don babu masallaci.

A zo da takalmi mai jure taɓo, a kuma duba lokacin bas ɗin ƙarshe tun da safe, domin motocin ba su da yawa. Ni dai in Allah ya kai mu zan koma a ƙarshen Agusta, lokacin da suke ƙawata rijiyoyinsu da furanni, kuma suke taruwa a Cucklett Delf, wani kwari a gefen ƙauyen, ranar Lahadin ƙarshe ta watan don tunawa da mutanen nan.