RAM ɗin Crucial 32GB a laptop ɗin editin: kaya ne mai kyau, amma ba kowa ke buƙatarsa ba

Masu editin ɗin bidiyon biki suna yawan tambaya wai RAM nawa ya kamata mutum ya saka (wato memorin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi a ciki), to bari in faɗi abin da na gani da wanda na saya, Crucial DDR4 3200 na laptop, guda biyu kowanne 16GB, wato 32GB kenan. Crucial na kamfanin Micron ne na Amurka, su da kansu suke ƙera cip ɗin, shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da shi. Laptop ɗina tokunbo ce core i7 ƙarni na 8, da 8GB guda ɗaya ta zo, ramin saka RAM na biyu babu komai.

Da 8GB ɗin nan aiki yana tafiya amma da wahala wallahi. Ka ɗauko bidiyon kamu 1080p na kyamara biyu ka jera a manhajar editin ta Premiere Pro, ga Chrome a buɗe saboda uwar amarya tana ta turo hotuna a WhatsApp tana cewa a saka wannan a cire wancan, sai ka buɗe Task Manager, wajen da Windows ke nuna abin da na'ura ke ci, ka ga memori ya kusa cika dam, disk yana ɗari bisa ɗari, domin idan RAM ya ƙare Windows kan SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, yake komawa yana ajiye abubuwa, shi kuwa SSD komai saurinsa bai kama ƙafar RAM ba. Daidai wajen shigowar amarya, inda kake son yankan ya faɗa kan kiɗa, nan hoto zai tsaya sauti ya wuce. Windows kaɗai yana cin wajen 4GB tun kafin ka buɗe komai, to me ya rage?

Bayan na saka Crucial ɗin wannan tsayawar ta tafi. Ina jan taimlain, wato layin da ake jera bidiyon, gaba da baya yana bina, in tsallaka manhajar After Effects in gyara sunan ango da amarya mai yawo a ƙasan allo in dawo ba tare da na rufe ɗaya ba. Laptop ɗin tana kunnawa ta gane shi, ban taɓa komai a BIOS, wato saitin cikin na'urar, ba. Sai dai duk da an rubuta saurinsa 3200 a jiki, a 2400 yake gudu a wajena saboda iyakar furosesa ta kenan, wannan ba laifin RAM ɗin ba ne kuma aiki lafiya lau.

Amma ga inda nake son mutane su ji ni. Yawancin ranaku idan Premiere kaɗai nake yi da 1080p, abin da ake ci bai cika wuce 13 ko 14GB ba, sauran yana zaune ne kawai. Adobe, masu Premiere, da kansu 16GB suka ba da shawara ga HD, 32GB ko fiye ga 4K, 8GB kuwa shi ne mafi ƙaranci. DaVinci Resolve, wata manhajar editin, shi ma 16GB yake nema, 32 idan za ka shiga Fusion, ɓangarensa na ifekt. Don haka wanda aikinsa yanka da haɗawa ne da ɗan gyaran kala, ko CapCut yake yi na TikTok, 8GB guda biyu sun ishe shi, ya adana canjin. Kuma guda biyu nake cewa da gangan, biyu masu 8 sun fi ɗaya mai 16, saboda suna aiki tare ta layi biyu, kuma irin laptop ɗinmu da ba su da girafik kad na daban daga cikin RAM ɗin suke ɗiba, bambancin ana ganinsa a fili wajen kunna bidiyo.

Abin da RAM bai yi min ba shi ne saurin ekspot, wato fitar da bidiyon bayan an gama editin. Kusan yadda nake jira a da haka nake jira yanzu, wannan aikin furosesa ne da girafik kad. Wani mai shago ya taɓa rantse min wai in na saka 32 ekspot zai ninka sauri, ba gaskiya ba ne, ciniki kawai yake nema. Haka bidiyon 4K na waya ko na jirgi mara matuƙi mai tsarin fayil na H.265, ko 64GB ka zuba tsohuwar furosesa sai ta yi nishi, maganinsa ka yi furoksi, wato kwafi mara nauyi na bidiyon, ka yi editin da ƙaramin fayil, kyauta ne ma.

Kafin ka je kasuwar Farm Centre ta Kano ko duk inda kake sayayya, duba Task Manager wajen Performance, zai nuna maka rami nawa ne da kai da nawa ke ciki. Sabon nau'in RAM na DDR5 ba ya shiga ramin DDR4, tsagar ba ɗaya ba ce, kar wani ya ce maka a danna zai shiga. Wasu siraran laptop RAM ɗinsu a liƙe yake da allon ciki, MacBook mai M1 ma haka, yadda ka saye shi haka za ku rabu. Ka je da laptop ɗinka a saka a gabanka, a kunna, ka ga adadin da idonka, saboda akwai na jabu da ake manna wa sitika, in da hali ka bar MemTest86, manhajar gwajin RAM, ya gwada shi kafin ka ɗora aikin mutane a kai.

Ni dai na ba Crucial ɗin huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na cire na tsada ne, kuɗinsa dala yake bi. Mai After Effects ko kyamara uku zuwa sama ko wanda kwastomominsa suka fara neman 4K, ya saya 32 ɗin kai tsaye. Wanda har yanzu hard disk mai juyi ne a na'urarsa kuwa, SSD zai fara saya tukuna kafin ma a yi maganar RAM.