Tanti, takunkumi ko ɗaki: wanne ne ke kawo iskar tsauni gida?

A gasar Olympics ta 1968 da aka yi a birnin Mexico, mai tsayin mita 2,240 daga gaɓar teku, Kip Keino da Naftali Temu na Kenya da Mamo Wolde na Habasha suka kwashi zinare a dogon gudu, kuma dukansu a kan tuddai suka tashi. Tun daga nan masu gudun famfalaki da tseren keke ke tururuwa zuwa wurare irin su Iten a Kenya. Wanda ba shi da halin barin aiki da iyali na wata guda kuwa, 'yan kasuwa sun ce za su kawo masa tsaunin har ɗakin kwana. Kayan iri-iri ne, kuma ba kowanne ke yin abin da aka rubuta a kwalinsa ba.

A kan tsauni kason oksijin a cikin iska yana nan yadda yake, 20.9 cikin 100, matsin iskar ne ke raguwa. Injinan gida ba sa taɓa matsi. Tace iskar ɗaki suke yi su sauke oksijin zuwa wajen 15 cikin 100, sai jiki ya ji kamar yana kan mita 2,500. Ƙoda ta ji ƙarancin ta ƙara fitar da sinadarin EPO, ɓargo ya ƙara yin jajayen ƙwayoyin jini. Aikin ba na dare ɗaya ba ne: a matsakaicin lissafi, kowace awa 100 a cikin irin wannan iska tana ƙara yawan hemogulobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, da kusan kashi 1 cikin 100. Da wannan ma'auni na awanni nake so mai saye ya auna duk abin da aka tallata masa.

Takunkumin roba mai bawul, wanda ake gani a fuskar masu motsa jiki, shi ne mafi arha, kuma shi ne ba na ba kowa shawarar saye da sunan tsauni. Iskar da ke shiga cikinsa oksijin ɗinta cikakke ne, ƙofar shigarta kawai aka matse. Za ka yi haki, tsokar numfashi za ta sha aiki, amma jininka ba zai ƙaru ba, kuma gudunka a atisaye zai ragu.

Tantin kwana shi ne ainihin kayan. Tushensa binciken da Benjamin Levine da James Stray-Gundersen suka wallafa a 1997: 'yan gudun da suka zauna a mita 2,500 na mako huɗu, suna saukowa mita 1,250 don atisaye, sun rage wajen daƙiƙa 13 a gudun mita 5,000. Waɗanda suka zauna a sama suka kuma yi atisaye a saman, jininsu ya ƙaru amma lokacinsu bai gyaru ba, don siririyar iska ba ta barin ƙafa ta yi saurin da ta saba. Tanti yana ba ka wannan tsarin a gida: ka kwana a tsauni, ka yi gudu a ƙasa.

Sai dai ka yi lissafi tun kafin ka fitar da kuɗi. Awa 8 kowane dare har mako huɗu awa 224 ke nan, wato ƙarin wajen kashi 2 kacal, alhali masana sun fi son awa 12 zuwa sama a kullum. In ba za ka iya karatu ko hutun rana a ciki ba, ribar kaɗan ce. Sannan barcin kansa yana shan wahala. Injin yana ƙugi yana huci dare farai, cikin tantin yana ɗumama, kafin asuba ka ga raɓar numfashinka ta kwanta a jikin leda. Don haka ka tambayi tsawon tiyo, ko zai kai ka ajiye injin a wani ɗaki, ka kuma tambayi lita nawa na iska yake turawa a minti ɗaya, saboda iskar da ba ta sauyawa da sauri gurɓata take yi. Ƙaramin tanti mai rufe kai da ƙirji ya fi sauƙin kuɗi da saurin cika, babba mai rufe gado ya fi sakewa. Mai iyali ya shawarci abokin kwanansa tukuna. Ɗan wasan da ya rasa barci ya yi asarar da ta fi kashi 2 ɗin da yake nema.

Akwai kuma takunkumin da ake haɗawa da injin, a shaƙa ana zaune ko ana tuƙa keken ɗaki. Wannan da gaske yana rage oksijin, amma awa ɗaya a rana ba ta isa ta ƙara jini. Ya fi dacewa da mai shirin hawan dutse, ko mai gajerun tsere masu zafi a ƙarƙashin kulawar koci. Mayar da ɗaki sukutum ya zama na tsauni, kamar gidajen da aka fara yi a Finland a shekarun 1990, shi ya fi daɗin zama da tara awanni, amma kuɗinsa na ƙungiya ne.

Ko wanne ka zaɓa, asibiti ne zangon farko. A auna maka feritin, wato ajiyar sinadarin ƙarfe, domin idan ta yi ƙasa ɓargo ba shi da abin gina jini, ko wata nawa ka kwana a tanti. Mai sikila ko mai ɗauke da ƙwayarta, da mai ciwon zuciya ko huhu, kada ya kusanci injin sai da izinin likita. Ka mallaki na'urar auna oksijin ta ɗan yatsa, ka fara daga wajen mita 1,500, ka hau sannu a hankali. Ciwon kai da ya ƙi tafiya alama ce ta ka sauko.

Ta fuskar doka, hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta duba batun a 2006 ba ta haramta shi ba, amma Norway ta hana 'yan wasanta daga 2003 har 2021, don haka ka duba ƙa'idar hukumar wasanka. Kuma tunda jiki ya bambanta, wani jininsa ya ƙaru sosai wani da ƙyar, ƙarin ma yana zubewa cikin 'yan makonni bayan an daina, na fi son mutum ya fara da hayar tanti na mako huɗu, nesa da babbar gasa, ya auna jini kafin da bayan, sannan ya yanke shawarar saye.