Gargaɗi: mai tallar katin Sup 7-E "tagwaye" a WhatsApp ɗan damfara ne

Naira miliyan 1 da dubu 850 aka biya shi kan katin sufabaiza (ƙwaƙwalwar suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis) guda biyu na suwic ɗin Cisco Catalyst 4507R+E, wai duka Sup 7-E ne. Ɗaya ne kawai 7-E. Na biyun Sup 7L-E ne, an liƙa masa sitikar WS-X45-SUP7-E a goshi. Miliyan 1 da dubu 850! Allah ya isa.

Kada kowa ya ce min ba a bincika ba. An nemi bidiyo, ya turo: kati a rami na 3, fitila kore, umarnin show module mai jero katunan da ke cikin suwic ya nuna 7-E, lambar siriyal ta dace da ta jikin katin. Sai ya ce, "Yallaɓai, ɗayan ma tagwayensa ne, daga suwic ɗaya aka ciro su." Wannan maganar ce ta ƙi fita daga kaina. Tagwayensa ne. Wa zai yi zargi? 7L-E shi ma ramukan fayiba huɗu ne a fuskarsa, a hoto ba ka raba su. Ashe rami na 4, mazaunin kati na biyu, a bidiyon fanko ne, ya karkatar da kyamarar.

Duk dalilin sayen kati biyu shi ne idan mai aiki ya mutu, katin da ke jira ya karɓa nan take ba tare da layuka sun faɗi ba, wato SSO. Sharaɗinsa a sarari yake: samfuri ɗaya, manhajar suwic ɗin, IOS XE, iri ɗaya. Idan sigar manhajar ce kawai ta bambanta, suwic ɗin na iya komawa RPR, inda katunan layi ke sake tashi, kowa a ofis ya rasa intanet na ɗan lokaci. To balle samfuri daban. Katin 7L-E ɗin bai taɓa kaiwa STANDBY HOT, matakin shirin karɓar aiki nan take, ba, kuma ba zai kai ba. Wajen saurin data, 7-E na ɗaukar 848 Gbps, 7L-E kuwa 520, sannan 10G biyu kacal yake bayarwa, ko 1G huɗu.

Tun kafin bidiyon ma, a kiran farko, ya yi wata ƙaryar: wai kati biyu na nufin aflink (ramukan fayiba masu haɗa suwic da sauran netwok) takwas na 10G. Babu wannan. Idan 7-E biyu suna tare, biyun farko na kowane kati ne ke aiki, huɗu ke nan jimilla. An faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce yaron shagonsa ne ya rubuta tallar. Da jin ya amsa ba gardama, sai aka ɗauke shi mai gaskiya. Bayan kuɗin ya shiga, miliyan 1 da dubu 850, ya ce zai canza katin ranar Litinin. Daga baya ya ce kwastam sun riƙe kaya. Yanzu lambar wayarsa a kashe take. Rasit, bidiyon da hirarmu duk suna nan, zan ɗora hotunansu anjima.

Kafin ku biya kowa: katunan biyu a suwic ɗaya, show module da show redundancy states a gabanku, a buga redundancy force-switchover, mai tilasta wa katin da ke jira ya karɓi aiki, ping (gwajin ko layi na aiki) na tafiya. Ya ƙi, ku riƙe kuɗinku.